Shagon da ya mayar min da laftof ɗin tokumbo Turanci, da abin da na gani a aikinsu

Duk mai sayen laftof ɗin tokumbo ya san wannan matsalar, ka biya kuɗinka ka zo gida ka kunna sai ka ga kwamfuta tana maka magana da Jamusanci ko Faransanci, ko ma rubutun Japan wanda ko harafi ɗaya ba za ka kama ba. Yawancinsu kayan ofisoshi ne da makarantu na can waje da aka gama amfani da su aka tattaro, wasu ta Legas suke shigowa wasu ta Kwatano, kuma ba kowane dila ne yake tsayawa ya gyara yaren kafin ya sayar ba. Ni ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta, yawancin ɗalibaina yara ne masu shirin JAMB, kuma tun 2015 da jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya babu yadda za a yi in zaunar da yaro gaban allon da ba Turanci ba, yaron da linzamin ma bai gama sabawa da shi ba. Shi ya sa nake so in yi bayani a kan wani ɗan shago da ke wajen Beirut Road a Kano, inda na kai laftof guda uku da na saya a tare, ɗaya da Jamusanci, ɗaya da Japananci, ɗaya da Faransanci, aka mayar min da su Turanci. Ba zan kama sunan shagon ba don ba talla nake yi ba, kuma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba waɗanda zan faɗa, amma dai yadda yaron shagon ya yi aikin shi ne ya kamata mutum ya riƙe a kansa duk inda zai kai tasa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ce min sai an yi fomat ba. Wannan kalmar ita ce ta farko a bakin masu gyara da yawa, ko me ka kawo sai fomat, a goge komai a ɗora maka Windows ɗin da ba ka san daga ina ya fito ba, bayan wata biyu ya fara rubuta maka a ƙasan allo cewa ba shi da lasisi. Canza yare kawai amma a goge kwamfuta gaba ɗaya, ai kamar rushe ɗaki ne don ana so a canza fenti. Shi wannan da na ajiye su a kan tebur sai ya ce Malam bari mu fara ganin wane irin Windows ne a kan kowace, don shi ne zai faɗa mana aikin da za a yi da kuma kuɗin. Ya danna maɓallin Windows da R tare, ɗan akwati ya fito, ya rubuta winver ya danna enta, sai ga sunan Windows ɗin ya bayyana. Biyu Windows 10 Pro ne, ɗaya kuma Windows 10 Home Single Language.

Wannan bambancin shi ne gaba ɗayan maganar. Pro da Home na gama-gari za ka iya ƙara musu kowane yare kyauta daga cikin saitin, ba sai ka sayi komai ba. Shi kuwa Single Language an yi shi ne da yare ɗaya tal, ana sayar da shi da ɗan rahusa a ƙasashe masu tasowa, to duk yaren da aka ɗora shi da shi a nan zai tsaya, ko ka sauke Turanci ba zai ba ka damar zaɓarsa a matsayin yaren allo ba. Akwai ma wani na musamman da ake yi wa kasuwar China wanda shi Sinanci kawai ya sani, wannan sai dai a ɗaga shi zuwa Pro da sabon lasisi. Ni a ganina wannan ɗabi'ar ta sai fomat tun zamanin Windows 7 aka gado ta, saboda a lokacin Ultimate da Enterprise ne kaɗai suke yarda a canza musu yare gaba ɗaya, in ka samu Professional ko Home Premium da Jamusanci to lallai sai an sake ɗorawa. Amma tun daga Windows 8 da ya fito a 2012 abin ya canza, masu gyaran ne wasunsu ba su canza ba.

Ya fara da ta Jamus ɗin, HP EliteBook ce. Windows da I tare ya buɗe saitin, ya shiga wurin da aka rubuta Zeit und Sprache, wato lokaci da yare, mai alamar agogo da harafin A. Na tambaye shi Injiniya kai ka iya Jamusanci ne, ya ce a'a Malam, alamomin nake bi, wurinsu ɗaya ne ko da wane yare ne. Ya danna alamar ƙari, ya rubuta English, ya zaɓi na Amurka, sannan kafin ya sauke ya cire alamar da ke kan na murya da na rubutun hannu, ya ce waɗannan data kawai za su ci min kuma ɗalibai ba sa buƙata. Wannan ƙaramin abu ne amma na ji daɗinsa sosai tunda hosfot ɗin wayata muka yi amfani da shi. Akwai kuma wani abu da ya duba wanda da ni ne da na sha wahala, in an saita wa Windows cewa layin intanet ɗin nan na awo ne, wato data ce mai ƙarewa, to yakan ƙi sauke fakitin yaren, ya tsaya yana jira ba tare da ya faɗa maka dalili a fili ba, sai ka kashe wannan saitin na ɗan lokaci. Da ya gama sauka sai ya zaɓi Turanci a matsayin yaren allo, ya fita daga akawun ɗin ya sake shiga, shi ke nan komai ya koma Turanci. Bai ɗauki lokaci ba ko kaɗan, jiran saukar ne kawai.

A nan ne mutane da yawa suke tsayawa su karɓi kuɗinsu, kuma a nan ne na gane yaron ya san aikinsa. Ya ce min Malam kashe ka kunna ka gani. Na kunna, sai ga allon farko inda ake sa fasiwod har yanzu da Jamusanci yake gaishe ni, haka ma rubutun da ke fitowa lokacin da take sabunta kanta. Dalili shi ne canjin da aka yi na akawun ɗaya ne kawai, allon shiga da duk wani sabon akawun da za a buɗe nan gaba suna nan kan tsohon yaren. Sai ya sake danna Windows da R ya rubuta intl.cpl, ya shiga shafin masu gudanarwa, akwai maɓallin kwafe saitin, a ciki akwai akwati biyu a ƙasa, ɗaya na allon shiga ɗaya na sababbin akawun, ya sa wa duka biyun alama ya yi ristat. Wannan ya shafe ni kai tsaye domin ni kowace kwamfuta ina buɗe wa ɗalibai akawun daban da nawa, da bai yi haka ba da duk akawun ɗin da na buɗe zai dawo da Jamusanci in zauna ina mamakin me ya faru.

Sannan ya gyara yanki da lokaci, wanda wasu suke ɗauka ba komai ba ne. Jamusawa da Faransawa waƙafi suke sawa a inda mu muke sa ɗigo a lissafi, biyu da rabi su 2,5 suke rubutawa mu 2.5, kuma in aka bar yankin a haka Excel zai bi su, ka rubuta fomula da waƙafi tsakanin lambobi ya ƙi karɓa, shi waƙafi mai ɗigo yake nema. Duk wanda ke koyar da Excel ya san irin ruɗanin da wannan zai jawo a aji, littafi ya ce kaza kwamfuta ta ce a'a. Ya mayar da ƙasa Najeriya, tsarin lamba da kwanan wata na Turancin Najeriya, sai ga alamar naira ta fito a kuɗi, rana kafin wata kamar yadda muka saba, agogo kuma ya sa shi a kan lokacin yammacin tsakiyar Afirka, awa ɗaya gaba da na Greenwich. Ta Japan ɗin agogonta awa 8 yake gaba da namu, a haka take tun da na saye ta.

Ita ta Japan ɗin, Fujitsu ce, ta fi cin lokaci duk da Pro ce. Canza yaren iri ɗaya ne da na farkon, amma bayan komai ya koma Turanci akwai wurin da alamar kuɗin yen take fitowa maimakon sandar nan mai karkata baya da ke raba sunayen folda. Ya ce wannan daga wani saitin ne daban a cikin wancan shafin na masu gudanarwa, na yaren tsofaffin manhajoji, shi ma sai an mayar da shi Turanci a yi ristat, in ba haka ba wasu manhajojin in ka zo ɗora su da Japananci za su buɗe ko su nuna maka haruffa a hargitse. Ya gyara.

Ta ukun ita ce mai Single Language, da Faransanci ta zo, kuma ita kam babu makawa sai an sake ɗora Windows, ya faɗa min haka tun farko da dalilinsa. Abin da na yaba shi ne yadda ya yi. Bai ɗora min mai kirak, wato na sata, ba. Yana da filash da ya haɗa da manhajar Microsoft ta asali, na Turanci, kuma ya bayyana min cewa tun daga zamanin Windows 8 lambar lasisin tana cikin madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar ne, ba a kan sitika a ƙasa ba kamar da, to in ka ɗora na Turanci zai karanta lambar da kansa ya zaɓi Single Language ɗin, da ta hau intanet kuma lasisin ya kama. Haka kuwa aka yi, na duba da idona a cikin saitin an rubuta cewa Windows yana da lasisi. Wato har yanzu mai yare ɗaya ce, sai dai yanzu yaren nata Turanci ne, kuma ni abin da nake nema ke nan. Da ya ga dama da ya ɗora min Pro na sata ya ce ya yi min gata ya ƙara kuɗi a kai, ba zan gane ba sai daga baya. Kafin ya goge kuma sai da ya tambaye ni ko akwai fayil ɗin da nake so, ya kuma kwafe direban waya-fai, wato manhajar da ke sa waya-fai ya yi aiki, ya ajiye a filash saboda kar a gama a rasa hanyar hawa intanet. Duk mai son yin wannan da kansa filash mai 8GB ya isa, amma data za ta tafi sosai, gara a nemi inda ake da waya-fai.

To yanzu maganar kibod, wadda ita ce ba ta da magani mai sauƙi kuma a nan ne nake da ƙorafi. Canza yaren allo ba ya canza abin da aka buga a kan maɓallai. Kibod ɗin Jamus Z da Y sun yi musanyar wuri, ga wasu haruffa masu ɗigo biyu a kai a gefen dama. Na Faransa ya fi rikitarwa, A da Q sun yi musanya, Z da W sun yi musanya, M ta koma gefen L, lambobin sama kuma sai ka riƙe shift kafin su fito. Na Japan haruffan boko suna nan inda muka sani amma alamomin ne suka watse, alamar @ tana kusa da P, ga ƙarin maɓallai a gefen sifes waɗanda suka sa sifes ɗin ya zama ɗan guntu. To zaɓi biyu ne a gabanka, ko ka bar Windows a kan tsarin kibod ɗin ƙasar, abin da ka gani a maɓalli shi zai fito amma yaro zai koyi tsarin da ba zai same shi a cibiyar jarrabawa ba, ko ka mayar da shi tsarin Amurka, hannu ya koyi daidai amma ido yana ganin wani abu daban. Ni na zaɓi na biyun saboda ɗalibai. Ga ta Japan ma sai da ya shiga ya canza nau'in kibod ɗin daga mai maɓalli 106 zuwa mai 101 kafin alamomin su daidaita. Ya kuma cire tsofaffin tsarin gaba ɗaya daga jerin, don in aka bar su yaro zai iya danna Windows da sifes bisa kuskure kibod ya koma Faransanci a tsakiyar rubutu.

Ƙorafina shi ne sitikar haruffan tsarin Amurka da ya manna a kan maɓallan. Ya sayar min da ita a matsayin mai kyau, amma ba a jima ba gefenta ya fara ɗagowa, musamman a kan A da E da sauran haruffan da aka fi dannawa, ga zafin garin nan ga gumin hannun yara, gam ɗin ya narke yana manne wa yatsa. Kuma ta HP ɗin kibod ɗinta mai haske ne, sitikar ta rufe hasken gaba ɗaya, bai faɗa min haka zai faru ba sai da na gani da dare. Ya kamata a ce ya yi min bayani tun farko in zaɓa da kaina, kamar yadda ya yi bayani a kan komai. Na biyu, ya ɗora min wasu manhajoji da ban nema ba a kan wadda aka sake wa Windows, na kallon bidiyo da wani na wai tsabtace kwamfuta, ya ce ai kowa yana so. Ni ba na so, kwamfutar aji ce, sai da na zauna na cire su. Na uku shagon ƙarami ne sosai, benci ɗaya ne, in aka ɗauke wuta kuma sai a jira mai janareta na layin, kuma babu farashi a rubuce, da baki ake yi, abin da aka ce wa wani ba lallai shi za a ce maka ba. Ni dai abin da ya karɓa bai yi min yawa ba, na biyun farko kuɗi kaɗan ne, na sake ɗorawar ya ninka su, kuma na ga dalili tunda aikin ma ya ninka.

Wani abu da ya kamata mutane su sani kuma shi ya faɗa min da kansa, canza yaren Windows ba ya nufin komai da ke cikin kwamfutar ya canza. Office yana da nasa saitin yaren daban, a ta Jamus ɗin Word da Excel sun ci gaba da Jamusanci har sunayen fomula, inda muke rubuta SUM su SUMME ne, sai da aka sauke musu nasu fakitin Turancin, shi ma kyauta ne. Burauzar Chrome ma sai da aka shiga nata saitin. Sunan akawun ɗin tsohon mai ita da folda ɗinsa kuwa suna nan yadda suke, sai ya buɗe min sabon akawun na mai gudanarwa ya goge tsohon. Ya ja min kunne kuma a kan laftof ɗin da suka fito daga kamfanoni, wasu suna zuwa da fasiwod a kan bayos, wato saitin da ke tashi kafin Windows, ko kuma an yi musu rajista da kamfanin, da ka sake ɗora Windows ka hau intanet sai ta nemi ka shiga da imel ɗin ma'aikacin wancan kamfanin, ya ce irin wannan ba matsalar yare ba ce kuma gara a mayar wa dila tun da wuri. Nawa Allah ya taimaka babu mai wannan.

Da aka gama na tambaye shi ko akwai Hausa a ciki, ya ce akwai. A Windows 10 akwai fakitin Hausa da ake ɗorawa a kan na Turanci, ba komai aka fassara ba, manyan wurare ne suke komawa Hausa sauran su tsaya da Turanci. Ban sa shi a na aji ba saboda jarrabawa da Turanci ake yi, amma kibod ɗin Hausa kam na ce ya ƙara min a kan wadda nake riƙewa, ka riƙe Alt na dama ka danna k ko d ko b sai ƙ da ɗ da ɓ su fito, da shi nake wannan rubutun. Wallahi abin yana damuna yadda mutane da yawa masu buga takardu a bizines santa ba su san yana nan ba, ana ta buga katin biki da takardun makarantun Islamiyya ba lanƙwasa alhali abin yana cikin kwamfutar kyauta.

Ya kuma yi min maganar da dilan bai yi min ba, cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 daga 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 da ya fito a 2021 yana neman firosesa, in na Intel ne, daga ƙarni na 8 (8th Gen) zuwa sama, da kuma TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta. A cikin ukun HP ɗin ce kaɗai ta cika sharaɗin, sauran biyun sun tsufa. Ya ce akwai dabarar da ake tilasta musu hawa amma shi ba ya ba da shawara ga kwamfutar da ake neman abinci da ita. A Windows 11 ma hanyar canza yaren kusan ɗaya ce, lokaci da yare, sannan yare da yanki, kuma Single Language yana nan a can ma da wannan dokar tasa, to mai sayen sabuwa ma ya duba winver tun a gaban mai kaya kafin ya biya.

Sitikar na cire ta daga ta Jamus ɗin tunda haruffa biyu ne kawai suka yi musanya, yara sun saba da wuri. Ta Faransa na haɗa mata kibod na waje mai waya, shi ya fi arha kuma ya fi kama da wanda za su tarar a cibiyar jarrabawa. Ta Japan ce na so a canza mata kibod ɗin gaba ɗaya, amma ya nuna min cewa enta ɗinta dogo ne mai lanƙwasa, na Amurka kuma a kwance yake, ramukan murfin sama ba za su dace ba sai an canza har da murfin, kuma kayan Fujitsu ba su da yawa a kasuwar nan kamar na HP da Dell. Ya ce zai sa a duba masa a Computer Village ta Ikeja, in an samu zai kira ni mu yi maganar kuɗi kafin a turo.